Inda Ƙarar Cokali Ke Kaiwa

"Taku goma ne fa, 'Yar Tela! Ga benci can a gindin bishiya, ki zo mu zauna kamar mutane."

"Faɗi maganarka a nan, ina jin ka."

"A tsaye? Kullum a tsaye kamar masu jiran mota?"

Auta ta tsaya inda take. Ƙafarta ɗaya na waje, ɗaya na cikin gida, hannunta riƙe da ƙofa. Kunnuwan ma a rabe suke, ɗaya ta ba saurayin nata, ɗayan ta baro shi a ɗakin Baba. Haka suke zance shekara biyu cur.

Injiniya ya sauke numfashi. Firji yake gyarawa da na'urar sanyaya ɗaki, 'yan unguwa ne suka ba shi wannan digirin kyauta, shi kuma bai mayar musu da abinsu ba. Mutum ne mai sanyin hali, har Auta kan tsokane shi ta ce aikin ne ya shige masa jini. Amma yau idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa mata.

"Sun ɗauke ni. Kamfanin nan da na gaya miki, masu manyan ɗakunan sanyi. Har da gida, ɗaki biyu da falo. Ƙarshen wata zan tafi."

Ta san garin, tafiyar yini guda ce a mota, shi ma in hanya ta yi kyau.

"Allah ya sanya alheri," ta ce, murya can ƙasa.

"Shi ke nan? Allah ya sanya alheri?"

"To me kake so in ce?"

"So nake ki ce za ki bi ni! A ɗaura mana aure kafin in tafi. Ɗaki biyu fa na ce, masoyiyata... In kin yarda mu tafi da Baba."

"A bene hawa na uku? Ga shi nan a takardar. Wa zai dinga hawa da sauka da shi? Asibitinsa fa? Mai gashin ƙashinsa fa? Ka ƙara haƙuri, Injiniya..."

"Haƙuri! Shekara biyu ina haɗiyarsa safe da yamma kamar maganin Baba. Ba ke kaɗai ya haifa ba, Auta. Ina Yayanki?"

"Yaya yana da aiki, yana da iyali."

"Ke kuma daga dutse aka sassaƙo ki? Ko dai so na ne ba kya yi, kike fakewa da tsoho?"

Nan fa ya taɓo inda ke mata ciwo. Ta saki ƙofar, muryarta ta tashi ba ta sani ba.

"Ni ce ba na son ka? Kana ganin daɗi nake ji? Ka san rabona da in sha shayi da zafinsa? Daga gadon Baba zuwa ƙofar nan taku ashirin da uku ne, na ƙirga! Iyakar duniyata ke nan. Ƙawayena sun yi aure ban je ba, sun haihu ban je ba..."

Ƙwan... ƙwan... ƙwan.

Ƙarar cokali ce a jikin kofin ƙarfe, daga cikin gida.

"Ka ji ko? Ka ji! Na gaji, Injiniya, wallahi na gaji! Wani lokaci in na ji ƙarar nan, ji nake kamar in fizge cokalin in wurga shi kan rufi, ko na samu in yi numfashi!"

Ta share hawaye da bayan hannu, ta juya ta shige, ta bar shi tsaye da takardarsa.

Baba tela ne. Shekara arba'in ya yi a kan keke, kuma a shagonsa Auta ta girma, cikin ƙyallaye da zare, domin mahaifiyarta ta rasu tun tana rarrafe. Shi ya yi mata uwa, shi ya yi mata uba, har kitso ya taɓa gwadawa, aka yi wata guda ana yi mata dariya a makaranta. Wata safiya, da tef ɗin awo a wuyansa, ya sunkuya zai ɗauki almakashi, sai ya zube tsakanin keke da tebur. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki: "To."

Auta ta ajiye aikinta na shagon buga takardu, ta ce sati biyu za ta yi. Ita ce ta sa masa cokali a hannun hagu, ta ajiye kofin ƙarfe a gefen gado, suka ƙirƙiri yarensu su biyu. Bugu ɗaya, ruwa. Biyu, banɗaki. Uku, a juya shi, kafaɗa ta gaji. In ya buga da sauri, wani wuri ke ciwo. In kuwa ya jero su a hankali ba adadi, to ba abin da yake so, kaɗaici ne, sai ta zo ta zauna. Duk duniya ba wanda ya san wannan karatun sai ita.

Yaya, babban wanta, yana can ɗaya gefen gari. Duk Asabar zai zo da ledar lemo, ya tsaya a bakin gado ya ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Baba ya ce, "To." Sai ya dubi agogo. A sauran kwanakin kuwa saƙon murya yake aiko mata, mai tsawon minti bakwai, kan abin da ya karanta a waya game da amfanin tafarnuwa. In an yi maganar jinya sai ya ce, "Ai Auta ce ta san kansa. Allah ya yi mata albarka." Albarka kam ta sha ta, har ta yi mata yawa.

Ta shiga ɗakin tana gyara fuska.

"Ga ni, Baba. In juya ka ko?"

Bai dube ta ba. Idonsa na kan bango, cokalin na damƙe a ƙirjinsa. Ta juya shi, ta gyara matashi, ta shafa masa mai a kafaɗa. Ko "To" ɗin bai ce ba.

Da yamma ta kawo abinci, ta murƙushe masa shi da bayan cokali kamar kullum, ta kai bakinsa. Ya datse baki.

"Baba, zafi ne? Bari in fifita."

Ta fifita. Ya kau da kai.

"To ga magani, ko shi ka sha."

Ya lumshe ido.

Ta ɗauka jikin ne. Washegari ta tashi tana jiran bugu ɗaya na safe, shiru. Rana ta ɗaga, shiru. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta, ga shi ya zo ya hana ta sakat. Ta haɗa shayi, ba wanda ya kira ta, amma ta kasa sha, tana zaune tana kallon ƙofar ɗakin har ya huce. Da ta kasa daurewa ta leƙa, ta tarar ya ɓata shimfiɗa. Mutumin da ko zare ba ya bari a jikin rigarsa, ya zaɓi ya kwanta a haka da ya kira ta.

Ta gyara shi tana kuka. Shi kuwa idonsa a rufe gam.

"Me na yi maka, Baba? Don Allah me na yi?"

Maganar bakin ƙofa ta faɗo mata a rai, ta yi saurin korar ta. Ina! Taku ashirin da uku, ga falo, ga lungu, ga ƙofa biyu a tsakani. Ba yadda za a yi ya ji.

Da hantsi mai gashin ƙashi ta zo, wata dattijuwa mai yawan raha da ke zuwa sau biyu a sati tana motsa masa hannu da ƙafa. Ta ji labari, ta auna jininsa, fara'arta ta ragu.

"Ya hau fa. In ya ci gaba da ƙin magani, abin da ya same shi zai iya dawowa, kuma na biyu ba ya zuwa da sauƙi. Kawo in gani."

Ta karɓi ƙwayar da kofin ruwa. "Haba angona, ni ma za ka ƙi ni?"

Baba ya buɗe baki ya haɗiye, ya shanye ruwan tas.

Auta ta yi murna, ta ɗauko abinci da gudu. Tana kai cokali, ya datse baki.

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi Baba. "'Yata, ba abincin ya ƙi ba. Hannun ya ƙi."

Da mari aka yi mata da ya fi sauƙi. Ta fita tsakar gida ta jingina da bango. Ga wanda take so zai tafi ƙarshen wata, ga wanda ta zauna dominsa ko kallo ba ta ishe shi ba. Gaba kura, baya sayaki. Mai gashi kuma ba za ta dawo ba sai bayan kwana uku.

Ta ɗauki waya.

"Auta, ina cikin taro, zan..."

"Baba ya daina cin abinci daga hannuna, Yaya. Ya daina shan magani. In ba ka zo ba, ban san abin da zai faru ba."

Kafin awa guda ya iso, da takalmansa masu ƙyalli da katin ofis a wuya. Yana shiga ɗakin, Baba ya ɗaga cokali.

Ƙwan.

Auta ta zabura za ta ɗauki ruwa. Baba ya kau da kai daga gare ta, ya nuna Yaya da cokalin.

"Me yake cewa?"

"Ruwa yake so."

Yaya ya ɗauki kofi ya kafa masa a baki, ruwan ya bi ta gefe ya jiƙa riga.

"Ta hagu, Yaya! Ɓangaren dama ba ya riƙe ruwa. Ka ɗaga masa kai, kada ya ƙware... A hankali mana!"

Baba ya sha. Aka kawo abinci ya cinye, rabi a ciki, rabi a kan wandon Yaya. Yaya ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ya yi murmushin wanda ya gama aiki.

"To alhamdu lillahi, ya huce. Sai ki ci gaba."

Bai kai ofis ba ta sake kiransa. Baba ya kuma datse baki.

Haka Yaya ya ɗauki hutu, ya kwaso kayansa a jaka ya dawo ɗakinsa na samartaka. Auta kuwa ta koma kan kujera a bakin ƙofar Baba, domin in ta shiga sai ya juya wa ɗakin baya. Da a ciki take a kulle, yanzu a waje take a kulle, kuma na yanzun ya fi ciwo. Daga nan take fassara.

Ƙwan, ƙwan.

"Biyu ne, Yaya, banɗaki! Ka sa hannunka ta ƙarƙashin hammatarsa, ka tokare gwiwarsa da taka. Kada ka ja hannun daman!"

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

"Juyi ne. Matashin ƙaramin a tsakanin ƙafafu."

In aka jero bugun a hankali, sai ta ji Yaya yana zagaye ɗaki yana tambaya, "Ruwa? Fanka? Rediyo?" Ta ce, "Zama kawai za ka yi. Ka yi masa hira." Tana jin sa yana ba Baba labarin cunkoson motoci, don ba shi da wani.

A rana ta huɗu Yaya ya fito daga banɗaki sharkaf da gumi, ya zauna daɓas a ƙasa kusa da kujerarta, yana dafe da ƙugu.

"Kullum haka kike ɗaga shi? Ke kaɗai?"

"Sau biyar. Wata rana shida."

Ya kalli hannayenta. "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

"Ban taɓa ba," ya ce. "Amma na taɓa gwadawa. Kin manta? Satin da aka sallamo shi daga asibiti na ɗauki kofi zan ba shi ruwa, kika fizge kika ce, kawo Yaya, ba haka ake yi ba. Matata ta ce za ta dinga karɓar ki ranar Asabar, kika ce ba ya son baƙon hannu."

Auta ta dube shi. Ta tuna. Gaskiya ne.

"Ni kuma ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji," ya ci gaba. "Na samu inuwa na laɓe. Tsoro nake ji, Auta. Ba na iya kallon sa a haka. Mutumin da ke ɗaga keken ɗinki shi kaɗai..." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini."

Ta so ta yi masa faɗan da ta tara na shekara biyu. Ta duba, ta ga babban mutum zaune a ƙasa da danshi a gwiwar wando, sai faɗan ya ƙi fitowa. Ta tashi ta ɗauko takarda da biro, ta rubuta yarensu kaf, tun daga bugu ɗaya har zuwa na kaɗaici, da lokacin kowane magani. Tana miƙa masa ta ji kamar wani abu nata ta bayar, wanda ba zai dawo ba. Yaya ya manna takardar a bango, saman keken ɗinkin da ke lulluɓe.

Duk kwanakin nan Injiniya yana kira, ba ta ɗauka. Saƙo ɗaya ta tura masa: "Ka tafi kawai. Ni ba inda zan je." Ta tura, ta kifa wayar, ta yi kukan da ba ta bari kowa ya ji ba.

Ranar da aka cika sati, da la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Yaya ya fita. Auta ta leƙa ɗaki ta ga Baba yana barci, abincinsa a rufe a kan tebur. Kewarsa ta taso mata. Ta lallaɓa ta shiga, ta durƙusa a gefen gado, ta kwantar da kanta a gefen matashinsa, tana shaƙar ƙamshin man da take shafa masa.

Sai ta ji murya.

"Ba rigima na zo yi ba, Yaya. Sallama na zo yi, saura kwana tara in tafi."

Injiniya ne. A hankali yake magana, yadda ya saba, amma kowace kalma tana sauka a kunnenta kamar a cikin ɗakin yake.

"Ina son ta, Allah ya sani. Amma ba zan raba ta da mahaifinta ba. Ni ne na matsa mata rannan, har na sa ta faɗi abin da ba ta yi niyya ba..."

Ta ɗaga kai a hankali. Taga. Tagar da ke saman gadon, wadda take buɗewa kullum da hannunta don ya sha iska. Ta miƙe ta leƙa ta tsakanin labule. Ga ƙofar gida nan, ko taku biyar ba a yi ba, har tana ganin maɓallin rigar Injiniya.

Ita 'yar tela, ta yi awo da ƙafa, ta bi falo ta bi lungu ta samu ashirin da uku, ta manta magana ba ta bin ƙofa. Ta inda cokali ke fita ya same ta, ta nan muryarta ke shigowa ta same shi. Ba maganar rannan kaɗai ba. Shekara biyu yana kwance a nan yana jin ta tana cewa, ka ƙara haƙuri, Injiniya.

Ta juyo. Idon Baba a buɗe yake, yana kallon ta, karo na farko a cikin sati.

"Baba... ka ji. Ka ji duk abin da na faɗa."

"To."

Ta zube a ƙasa ta kama hannunsa. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

"Ka yafe mini, Baba! Ƙarya nake yi, ban gaji ba, wallahi ban gaji ba! Ɓacin rai ne. Na riga na ce masa ya tafi. Ba inda zan je, ina nan tare da kai har..."

Ya zare hannunsa. Ya juya fuska bango.

"Baba!"

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, furfurar da ita ke aske masa duk Juma'a. Ta ba shi haƙuri ya ƙi. Ta ce za ta zauna ya juya baya. To me yake so? A waje Injiniya yana cewa, "Ka gaishe mini da Baba." Sai ta ga hannun hagun ya ɗaga, cokalin ya nuna taga, ya tsaya a nan.

Ta bi cokalin da kallo.

"Baba... ba fushi kake yi ba?"

Cokalin bai sauka ba.

"So kake... in bi shi?"

Ya juyo. Rabin fuskarsa mai rai yana motsi, hawaye na gangarowa ta ɓangaren da ya shanye ma.

"To," ya ce.

"Shi ya sa ka ƙi hannuna? Don Yaya ya zo ya koya? Ka kwana da yunwa, ka ƙi magani, jininka ya hau... Baba, da ka mutu fa? Da ka mutu ina zan sa kaina?"

Ya ɗan ɗaga kafaɗa ɗaya, irin yadda yake yi a shago in mai kaya ya ce ɗinki ya yi tsada.

Ta yi dariya cikin kuka, ta yi kuka cikin dariya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle ita da ko bencin gindin bishiya ba ta kai ba.

"Ba zan iya ba, Baba. Wa zai san kafaɗarka ta gaji tun kafin ka buga?"

Ya datse baki, ya fara juya kai.

"Tsaya! Tsaya... Na ji." Ta share hawaye. "Zan tafi. Na yi maka alkawari zan bi shi."

Ya daɗe yana kallon ta, kamar mai duba ɗinki ko akwai inda ya karkace. Sannan ya miƙo mata cokalin. Cokalin da bai taɓa saki ba ko a barci. Ya sa mata shi a tafin hannu, ya dubi kwanon da ke kan tebur, ya buɗe baki.

Da shi ta ba shi abincin, loma bayan loma, ta ɓangaren hagu, hawayenta na ɗiga a kan zanin gado. Bai bar ko ƙwaya ba. Da ya gama ta goge cokalin ta mayar masa, ta miƙe ta yaye labulen.

"Injiniya!"

Su biyun suka waigo a firgice, suna neman inda muryar ta fito.

"Kada ka tafi. Ka shigo... Baba yana kira."

Aka ɗaura aure. Ba a yi wani taro ba, 'yan uwa ne kawai da maƙwabta. Yaya ya kwaso iyalinsa suka dawo gidan, aka samo mai jinya da za ta dinga yini. Matar Yaya ta haddace takardar bango cikin kwana biyu, har tana gyara wa mijinta. Ranar tafiya Auta ta shiga ta fita a ɗakin Baba ya fi sau goma, tana nuna inda man shafawa yake, tana maimaita abin da kowa ya riga ya sani, sai da Baba ya buga kofi da ƙarfi ya nuna mata ƙofa. Ta sumbaci goshinsa. Ta bi falo, ta bi lungu, tana ƙirgawa a zuci. A taku na ashirin da huɗu ƙafarta ta yi nauyi, Injiniya ya riƙe mata hannu.

Safiyarsu ta farko a sabon gida, a bene hawa na uku, ko labule ba su rataya ba. Injiniya ya ce yau shi zai yi hidima. Ya haɗa shayi kofi biyu, ya juya sukari, ya kakkaɓe cokalin a bakin kofi.

Ƙwan, ƙwan.

"Na'am Baba, ga ni nan!"

Kafin ya ɗaga kai ta kai ƙofar ɗaki na biyu. Ta tura. Ba kowa a ciki sai kwalaye da akwatin kayan aikinsa.

Ta tsaya riƙe da ƙofar. Ya zo ta bayanta a hankali, ya dafa kafaɗarta.

"Yi haƙuri, 'Yar Tela. Daga yau da yatsa zan dinga juya shayin."

Ta yi murmushi, idonta taf da hawaye. "Bari in kira gida."

Yaya ya ɗauka, ya kara wa Baba wayar a kunne.

"Baba, ina kwana? Ka tashi lafiya? Ka sha magani?"

"To."

"An shafa maka mai? Ka ce wa Yaya ƙaramin matashin..."

Ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Ta buɗe baki za ta ce juyi ne. Kafin ta furta ta ji muryar Yaya, "Na ji, Baba, kafaɗar ce ko? Bari in juya ka." Aka ajiye wayar a kan wani abu. Tana jin motsin gado, tana jin matar Yaya tana cewa a miƙo matashi, tana jin yara suna gudu a lungu. Ba wanda ya tambaye ta komai.

Ta daɗe da wayar a kunne kafin ta kashe. Abin da ta roƙa ne ta samu, kuma ba wanda ya gaya mata zai yi ciwo haka.

Injiniya ya zaunar da ita, ya sa mata kofi a hannu. Tururi na tashi. Ta share hawaye, ta kai baki ta kurɓa da yawa, yadda ta saba shan wanda ya huce.

Ya ƙona mata harshe.